Mun Fi Ƙarfin Susu, Banki Ya Fi Ƙarfinmu

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma fa ba kowa ke samun irin wanda ya dace da cikinsa ba. Mu masu gidan burodi ne a wata unguwa cikin zangon Kumasi, mu huɗu uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abin da muke so mu tattauna da ku a wannan wata shi ne wani matakin da ƙananan sana'o'inmu kan kai su tsaya cik, watau lokacin da sana'a ta girma ta fi ƙarfin kuɗin gida da na adashi, amma ba ta kai inda banki zai dube ta da idon rahama ba. Tela ya san wannan wuri, mai walda ya san shi, haka Hajiya mai shinkafa da wake wadda layin masu saye ya fi tukunyarta tsawo.

Jarin farko bai cika gagarar mutum a zango ba. Sanin kowa ne yadda mai karɓar susu ke zagayawa kullum da ɗan katinsa mai gida 31, ka ba shi abin da ya sawwaƙa ya yi alama, ƙarshen wata ya dawo maka da kuɗinka ya riƙe na kwana ɗaya ladan wahalarsa. In ka duba da kyau, biya kake yi a ɓoye maka kuɗinka daga hannunka da na dangi, kuma ya cancanci a biya. Ga kuma adashi, wanda iyayenmu mata suka fi kowa iya riƙonsa. Da kwasar adashi mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta sa aka gina mata tanderun ƙasa a bayan gida, ta fara da rabin buhun fulawa. Da susu da adashi ɗin nan aka sayi gwangwanaye, aka ƙara tanderu na biyu, aka ɗauki yara masu kwaɓi. Har nan babu wanda ya taka ƙofar banki.

Matsala ta taso ne da masu shayi da masu shaguna suka fara neman abin da hannu da itace ba za su iya fitarwa ba kafin asuba. Ana bukatar injin kwaɓi, da tanderun gas, da motar rarrabawa. Irin waɗannan kaya ba sa mayar da kuɗinsu cikin wata ɗaya ko uku, sai an yi shekara biyu ko uku ana tatsa kaɗan-kaɗan. Adashi kuwa gajeren kuɗi ne, kuma girmansa bai wuce ƙarfin aljihun waɗanda ke zubi ba. Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne. A 2017 hukumar IFC, wadda reshe ce ta Bankin Duniya, ta ƙiyasta cewa ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 65 a ƙasashe masu tasowa, watau kashi 40 cikin 100 na masu rajista, ba sa samun rancen da suke bukata, kuma giɓin ya kai dala tiriliyan 5.2 a shekara. Masu rajista ke nan fa, ba a ma zo kan irinmu da muka daɗe ba mu da ita ba.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne kakanninmu sun warware wannan matsala tun ba a san banki ba a ƙasar nan. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga neman goro, tafiyar watanni da jakuna a bayan madugu, da yawansu ba da dukiyarsu kaɗai suke tafe ba. Attajiri ya ba da jari, falke ya ba da ƙafa da wuya, in an dawo lafiya a raba riba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Akkara, kuma duk inda suka sauka sun tafi da tsarin maigida. Baƙo ya kawo shanu daga arewa, bai san kowa ba a gari. Ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da abinci, dillalan maigida su nemo masa mahauta. Mahauci ba shi da kuɗin sa a hannu, sai ya yanka ya sayar. To maigida ne zai tsaya ya ce, ba shi, in bai biya ba ni zan biya. Da wannan kalma ɗaya dukiya mai yawa ke fita daga hannun mutumin da bai taɓa ganin mai saye ba. Maigida ya san kowane mahauci, ya san wanda ke caca, ya san wanda matarsa ta haihu jiya, ya san wanda ya taɓa yin jinkirin biya da dalilinsa. Mahaucin da ya ci amana kuwa ya gama fawa a garin, domin kafin la'asar labari ya kai kowane zaure. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna ta yi nazarin wannan tsari a kasuwar shanun Kumasi, ta buga abin da ta gano a 1966.

Ko Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar nan yana aika shi Legas ta jirgin ruwa kafin ya koma Kano ya shahara, da kuɗin wasu ya ƙara tashi. Kamfanonin Turawa sun riƙa ba shi kuɗi gaba ya sayo masu gyaɗa, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauyuka. Jinginarsa a wurinsu sunansa ne, jinginar yaransa a wurinsa shi ne ya san gidan ubansu.

To me ya faru? Tsarin bai mutu ba, har gobe ana lamuni a kasuwar shanu da wurin 'yan goro da masu albasa. Sai dai ya ji jiki. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasa, aka wayi gari wanda ake bi bashi ya tafi, wanda ke bi ma ya tafi, an yi gwanjon shaguna da gidaje. Dattawanmu har yanzu ba sa son tuna wannan shekara. Bayan haka gari ya faɗaɗa, zango ya cika da mutanen da ba wanda ya san kakansu. Uwa uba, wanda ke sayar da injin kwaɓi ba ya zaune a zango. Yana Akkara ko Dubai ko ƙasar Sin, kuma kalmar maigida ba ta isa can.

Saura banki ke nan. A nan ma akwai tsohon miki, don a 1982 gwamnati ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a, aka kuma shiga binciken masu ajiya mai kauri, abin da ya sa iyayenmu da yawa suka ɗauki banki a matsayin wurin da hukuma ke leƙa aljihun mutum. Duk da haka mun shirya mun je wani banki, ba sai mun faɗi sunansa ba. Yaron da ya karɓe mu mai ladabi ne ƙwarai. Ya nemi takardar rajistar kamfani, da lambar biyan haraji, da bayanin shige da ficen kuɗi ta asusu, da lissafin da akanta ya sa wa hannu, sa'an nan ya zo kan babbar magana, watau takardar gida ko fili. Gida kam muna da shi, ɗaki goma sha, a bakin titi. Amma takardar da ke akwai tsohuwa ce da sunan kakanmu, magada kuwa sun haura ashirin, wasu na Tamale, wasu na Legas, wata gwaggonmu na Saudiyya. Wa zai tara su su sa hannu a jinginar da gidan gado saboda tanderu? Ko sun taru ma, mu kanmu ba za mu so ba. Yawancin gidajen zango haka suke, dukiya ce ta gaske amma ba ta motsi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Tun daga watan Yuli na 2022 katin ɗan ƙasa ne kaɗai shaidar da ake karɓa a harkar banki. Wanda sunansa Mensah ba a tambayarsa garin kakansa. Mai suna Garba ko Fusaini kuwa, ko da a Aboabo aka yanke cibiyar ubansa, sau da yawa sai ya sha tambayoyi kafin kati ya zo hannunsa. Wanda bai da kati bai da asusu, wanda bai da asusu ba a ma fara zancen rance da shi.

Amma a yi wa banki adalci. Shi ma maigida ne, sai dai maigidan da bai san kowa ba a gari, kuma kuɗin da zai bayar na wasu ne. Bai ga mahaifiyarmu ta yi shekara talatin ba ta taɓa cin kwabon mai fulawa ba. Wannan tarihi yana cikin kawunan mutanen unguwa, baƙo kuwa ba ya karanta kai, takarda yake karantawa. Bugu da ƙari yana da wani mai neman rance da ya fi mu ƙiba, watau gwamnati. A ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100, ruwan da gwamnati ke biya kan takardun bashinta na wata uku ya haura kashi 30, kuma a 2023 Babban Banki ya kai nasa ma'aunin ruwan zuwa kashi 30. Wane manaja ne zai bar wannan ya bi mai burodi cikin lungu? Abubuwa sun yi sauƙi daga baya, a 2025 hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10, sai dai sauƙin kan daɗe a hanya kafin ya iso lungu.

Waɗanda ke biyo mu har lungu su ne kamfanonin ba da ƙananan rance, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya ɗauko biro. Alal misali an ba ka sidi 10,000, an ce ruwa kashi 4 ne kacal a wata, na shekara guda. Ruwan ya zama 4,800, za ka biya 14,800. Ka ce to, kashi 48 ke nan, da zafi amma za a iya. Tsaya tukuna. Da farko za a riƙe wani abu, a ce 1,000, a matsayin ajiyar dole, a cire kuɗin takardu. Sa'an nan biya zai fara tun mako mai zuwa, alhali ana lissafa ruwan a kan 10,000 ɗin nan cur har ranar ƙarshe, ko da saura 500 ake bin ka. In ka auna, rabin kuɗin ne kawai ya zauna a hannunka tsawon shekarar, don haka ruwan gaskiya ya kusa ninka abin da aka faɗa maka. Mai sayar da tumatir da ke juya kuɗinta kowane kwana uku tana iya ɗauka. Inji ba ya iyawa. Mun san wani maƙwabci da ya sayi firiza da irin wannan kuɗi, kafin shekara ta zagayo firizar ce aka ɗauka a aboboya aka tafi da ita.

Su kansu kamfanonin ba duka suka tsaya da ƙafafunsu ba. Jama'a ba su manta DKM na Sunyani ba, wanda Babban Banki ya dakatar a 2015 bayan ya tara ajiyar mutane da alkawarin riba mai yawan gaske. Tsakanin 2017 da 2019 bankuna 9 na 'yan ƙasa suka rasa lasisi, a watan Mayun 2019 aka soke na kamfanonin ƙananan rance 347 a rana ɗaya, a watan Agusta aka ƙara da kamfanonin ajiya da rance 23. Mutanen da aka yi shekaru ana lallashi su fito da kuɗi daga ƙarƙashin katifa, da yawansu can suka mayar.

Ba za mu tsallake maganar riba ba, domin a gidanmu ma sai da aka yi ta. Babban wanmu ya ce ko sidi ɗaya mai ruwa ba zai shiga tanderun Hajiya ba, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi a zango ba. A Najeriya bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba tun 2012. A nan dokar bankuna ta 2016 ta ambaci irin wannan harka, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a ga cikakken banki irinsa ba. Fatawa ta malamai ce, mu dai abin da muka gani shi ne akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da ƙwazo da suka zaɓi su zauna ƙanana a kan su karɓa.

Saboda haka ido kan koma kan ɗan'uwa na waje. Kusan kowane gida a Nima ko Asawase na da wani a Jamus ko Italiya ko Amurka, kuma in za a faɗi gaskiya, wannan shi ne babban bankin zango. Kuɗinsa ba ruwa, ba jingina, ba mai zuwa da babur ranar Litinin. Amma yana da nasa ciwon, kuma ciwon daga kunya yake tasowa. Yaya ya aiko da kuɗi ya ce, ga wannan a ƙara a jari. Kyauta ce? Rance ne? Ko ya shigo cikin sana'ar ne da rabonsa? Ba wanda zai tambaya, don tambayar kanta kamar rashin kunya ce. Muddin sana'a na tangal-tangal ba za a ji komai ba. Ranar da ta yi kyau, ranar ce kowa zai tuna abin yadda ya fi masa daɗi. Yaya ya dawo hutu ya ga mota a ƙofar gida ya ce ina nawa, ƙane ya ce ai na ɗauka taimako ne, matansu su shiga, sai ka ga an kai ga zauren sarkin zango. Mun ga gidajen da aka daina gaisawa a kan wannan, kuma ba a rasa mai gaskiya a cikinsu ba, kowa da gaskiyarsa.

Ɗaya ciwon shi ne kuɗi tsaba ba ya zama. Da an ji ya iso, sai ga suna, sai ga kuɗin makaranta, sai ga mara lafiya, kuma ba ɗaya da za ka ce ƙarya ne. Wajen 2009 wasu masu bincike daga Jami'ar Oxford da Bankin Duniya sun gwada wani abu a Akkara da Tema. Sun ba wasu ƙananan 'yan kasuwa sidi 150 a hannu, wasu kuma aka raka su aka saya masu kayan sana'a na sidi 150. Waɗanda aka saya wa kaya ribarsu ta fi ƙaruwa, musamman matan da dama sana'arsu ta ɗan kafu, na hannu kuwa yawanci hidimar gida ta lashe. Kowace uwar adashi za ta iya gaya masu haka kyauta, amma dai yana da kyau da aka rubuta.

Wannan ya sa muke ganin rancen da ya fi yi wa irinmu amfani shi ne wanda ke zuwa a siffar kaya. Dilan fulawa ya sauke mana buhuna, mu biya bayan mako. Mu ma haka muke yi wa masu shayi, su ɗauka da asuba su kawo kuɗi da dare, watau mu da ke kukan rashin rance kullum muna ba mutum talatin rance ba takarda. Direbobin tasi da na pragya sun daɗe da nasu tsarin, mai mota ya saya, direba ya yi ta aiki yana zubi har mota ta zama tasa. Kayan da kansa shi ne jingina. Tun 2010 Babban Banki ya buɗe rajistar kayan jingina masu motsi, yadda inji ko mota ko kayan shago za su iya tsaya wa mutum ba sai fili ba, amma 'yan zango nawa ne suka taɓa jin labarinta?

Na gwamnati kuwa ba za mu daɗe a kansu ba. An kafa MASLOC a 2006, an yi dokar Asusun Raya Zango a 2017, kuma duk wanda ya samu muna taya shi murna. Akwai asusun zuba jari cikin kamfanoni da aka kafa a 2004, da ƙaramar kasuwar hannun jari ta 2013, da Turawa masu zuwa Akkara neman samari masu harkar kwamfuta su sayi rabo a kamfaninsu. Duk waɗannan lissafin akanta suke fara tambaya, kuma ba mu taɓa ganin ɗayansu ya shigo Aboabo neman mai burodi ba.

Baƙon da ya fara iya karanta mu, abin dariya, waya ce. Tun da MTN ta kawo kuɗin waya a 2009, duk abin da ya shiga ya fita yana barin sawu, kuma daga 2017 aka fara ba mutane ɗan rance ta waya bisa wannan sawu, ba a tambayi gidan kakan kowa ba. Kuɗin kaɗan ne, na wata guda, da tsada, ba zai sayi inji ba. Harajin da aka ɗora wa kuɗin waya a 2022 ya kori mutane da yawa suka koma tsaba, kafin a soke shi a 2025. Amma ya nuna mana abin da maigidan zamani ke nema, watau sawun da zai bi da idonsa.

Ga yadda muka yi a gidanmu. Mun yi rajistar sana'ar, muka buɗe mata asusu nata daban da aljihun kowa, muka sayi babban littafi muka damƙa wa 'yar ƙanwarmu da ta gama sakandare, kowane buhu da kowane burodi sai ta rubuta, har wanda aka ɗauka aka kai gidan suna. Masu shayin da suka yarda suna biya ta waya. Injin kwaɓi kuwa hannu uku ne suka ɗauke shi. Kwasar adashi ta biya kashi ɗaya, mai sayar da injin ya yarda a biya shi kashi ɗaya cikin wata shida, ragowar yayanmu na Jamus ya aiko. Kafin kuɗinsa ya taso sai da muka zauna gaban limamin unguwa da shaidu biyu, shi yana kan waya, aka rubuta cewa jari ne ba kyauta ba, ga rabonsa cikin riba, ga abin da zai faru in an yi hasara, ga yadda zai fita in ya so. Da farko ya ji haushi, ya ce yaushe muka fara 'yar takarda da shi. Liman ne ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, sai ya yi dariya ya ce a karanto masa ya ji.

Motar rarrabawa ce ta rage. Mun ɗauki littafin mun kai wani bankin karkara mai reshe a nan Kumasi, irin waɗanda aka fara kafawa a ƙasar nan tun 1976. Matar da ta duba ta yi ta juya shafuka, ta yi tambaya a kan watan azumi da ciniki ya tashi da watan da gas ya yi tsada, ba ta tambayi takardar gida ba. Ta ce mu dawo in littafin ya cika shekara biyu, a duba ko motar kanta za ta tsaya a matsayin jingina. Babban wanmu ya ce shi sai ya ji yadda za a tsara biyan tukuna, in da ruwa a ciki ba ruwansa. Saura wata bakwai. Kafin nan yaranmu na ci gaba da kai burodi Alabar da Asawase a aboboyar haya, in an yi ruwan sama a rufa da leda.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.